Motar da Ta Karye a Hanyar Kusasu

Ranar Litinin da hantsi motar Laraba ta rabu biyu a gangaren rafin da ke bayan Kusasu. Ba karo ta yi ba, ba rami ta faɗa ba. A-kori-kura ce, tana tafe da buhunan taki, sai kawai ta durƙusa a tsakiya kamar raƙumin da aka ce wa sauka, kai ya kalli gabas, bodi ya kalli kudu. Micah, ɗan Laraba, shi ke tuƙi. An zaro shi da karayar cinya yana ta rantsuwa cewa ko giya ta uku bai saka ba.

Kafin azahar gari ya gama shari'a. An ce da zarto aka yanka ƙarfen motar. An ce aikin Yero ne, Bafulatanin da rugarsu ke bakin daji, wanda shanunsa suka cinye wa Laraba wake bara har magana ta kai gaban mai unguwa. Ai ga sawun takalminsa na roba nan a ƙofar gidanta, me kuma ake jira? 'Yan sa-kai suka je suka taho da shi, suka ɗaure shi a gindin mangwaro, suka yi masa tambayoyi irin waɗanda ake yi da gora.

Sai bayan an gama duk wannan aka tuna akwai mai bin sawu a ƙasar.

Abarshi mai bin sawu bai yi mamaki ba. Ya saba a kira shi bayan mutum ɗari sun tattake wurin da ake so ya karanta. A zamanin da yake da gwiwa, ya sha bin shanun sata har tsakiyar dajin Kamuku ya dawo da su. Yanzu gwiwar ta yi ritaya ba tare da ta shawarce shi ba, tumbi ya fito, daji kuma ya zama wurin da in ka bi sawu har ƙarshe za ka tarar da mai sawun yana jiran ka da bindiga. Aikinsa ya koma neman akuyar da ta ɓata, wani lokaci da mijin da ya ce ya tafi gona.

Laraba ce ta aika a kira shi. Ya same ta zaune a kan buhun taki a gefen motar, ba ta kuka, kuma da kukan take yi da ya fi samun natsuwa. Mijinta ya rasu ya bar mata shanun huɗa guda biyu, Goje da Fari. Su ta bai wa Alhaji Tasi'u dillali, ta cika masa da abin da ta tara, ya ba ta motar, don ta riƙa ɗaukar wa manoma kaya zuwa kasuwa tun da direbobin gari sun daina shiga ƙauyuka. Motar ko wata guda ba ta yi a hannunta ba. Ga ruwa ya sauka, maƙwabta sun fara huɗa, ita ba shanu, ba mota, ga ɗa a asibiti. Shanun suna garken Alhaji a Birnin Gwari, ran Alhamis in an tashi kasuwa za a loda su a tirela a yi Kudu da su.

Ta ce, "Malam Abarshi, ba na son wa'azi. Ka nuna mini wanda ya yi mini wannan, saura ka bar mini."

Ya ce zai duba ƙasa, abin da ta gaya masa shi zai faɗa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

*

Bai fara da motar ba. Ya juya mata baya ya bi hanyar da ta fito, kansa a sunkuye, jama'a na biye da shi kamar mai rabon zakka. An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta riƙe komai. Bai yi nisa ba ya tsaya.

Mota mai lafiya layi biyu take bari a hanya miƙaƙƙiya, domin tayar baya tana hawa daidai inda ta gaba ta taka. Wannan layi huɗu ta bari. Tayoyin baya sun kauce wa na gaba da kusan taƙi guda, tun daga ƙofar gidan Laraba har rafi. A karkace take tafiya, irin gudun karen da aka taɓa jifa a ƙugu. Tayar baya ta hagu kuma tana da tabo, wata tsaga mai kama da ƙafar kaza da take bugawa a ƙasa duk juyi guda.

Ya koma ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar, abin da ya ɗauke shi lokaci har wani yaro ya tambaya ko a kawo jak a ɗaga shi shi ma. Ya kankare wurin karayar da wuƙa. A sama jar ƙasa ce, ƙarƙashinta kwalta, ƙarƙashin kwaltar kuwa tsohuwar walda ce da ta kumbura kamar miki, tsatsa ta ci cikinta. Zarto ƙarfe mai ƙyalli yake bari. Nan babu abin da ke ƙyalli.

A ƙofar gidan Laraba, inda motar take kwana, bai ga garin ƙarfe ba, bai ga gurbin gwiwa ko na gwiwar hannu ba. Sawun Yero yana nan, amma ko kallon motar bai yi ba. Ya wuce ta kai tsaye zuwa turken shanun da ba komai a kai, ya tsaya ya daɗe har sandarsa ta yi rami a ƙasa, ya juya ya tafi.

Ran Abarshi ya ɓaci. Ya nufi gindin mangwaro da saurin da gwiwarsa ba ta amince da shi ba, ya tambayi shugaban 'yan sa-kai ko a cikinsu akwai wanda ya leƙa ƙarƙashin motar kafin a ɗauko gora. Babu. Ya tambaye shi wa ya fara kawo zancen zarto. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce Alhaji Tasi'u ne ya bugo waya yana jaje, ya tambaya ko matar tana da abokin gaba, ya ce ai ƙarfe ba ya karyewa haka kawai sai in an yanka.

Aka kwance Yero. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya rufe. Da aka tambaye shi abin da ya kai shi gidan, ya ce shi ya raini Goje da Fari tun suna maruƙa, shi ya sayar wa marigayin. Ya gan su a garken gari ba ruwa ba ciyawa, an shafa musu jan fenti a ƙaho, alamar lodi. Ya zo ya gaya mata ranar Lahadi, ya tarar sun tafi coci.

Abarshi ya fara ba shi haƙuri. Yero ya tofar da jini.

"Na cikin daji sun kwashe mini rabin garke, sun ce ni ɗan leƙen asirin gari ne. Na gari sun ɗaure ni, sun ce ni na daji ne. Kai da ka iya bin sawu, Abarshi, bi ka gaya mini inda zan kwana."

Laraba, wadda ita ta fara nuna sawun robar da yatsa, ta juya kai ta kalli wani wuri.

*

Washegari suka shiga gari, ita da Abarshi, wurin Modibbo a unguwar Magajin Gari. Modibbo tsohon magatakardan kotu ne. Ya yi shekaru yana rubuta rigimar mutane, da ya ajiye aiki sai rigimar ta biyo shi zaurensa.

Laraba ta gaya masa tun daga bakin ƙofa cewa ita shawararta guda ce, galan ɗin fetur da ashana. Modibbo ya ce wannan ma hanya ce, sai dai ƙarshenta gidan yari, shanun kuma su tafi Kudu ba mai ɗaga musu hannu. Ya karɓi takardar cinikin ya karanta. A ƙasa an rubuta cewa an sayar da mota a yadda aka gan ta, babu dawowa, ga dangwalen Laraba.

Ta ce, "To shi ke nan, na yanka kaina da hannuna?"

Ya ce ba haka ba ne. Irin wannan sharaɗi yana kare mai sayarwa daga aibin da shi ma bai sani ba, amma ba ya wanke wanda ya ga aibi ya lulluɓe shi. A shari'ar Musulunci da ta gwamnati duka, wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar warware ciniki, ya mayar da kaya a mayar masa da nasa. In ya so kuma ya riƙe kayan a biya shi bambanci.

"In riƙe me, Allah gafarta Malam? Kan ko gindin?"

Modibbo ya danne dariya ya ci gaba. Tana iya kai ƙara kotun majistare, ko kotun shari'a in ta yarda da kanta, tun da ita Kirista ce ba mai tilasta mata. Tana iya neman kuɗin jinyar ɗanta a kai. Tana iya zuwa wurin 'yan sanda, domin ɓoye aibi da gangan zamba ce. Kotu na iya hana a taɓa shanun, amma sai an sami lauya an shigar da takardu, Alhamis kuwa jibi ce. Abin da zai riga tirela shi ne zaman sulhu gaban shugaban dillalai, kuma sulhun bai rufe mata ƙofar kotu ba muddin ba ta sa hannu cewa ta yafe ba.

Ya juya ga Abarshi. Ya ce duk hanyar da aka bi, ƙafa biyu take tsaye a kai: a nuna aibin ya riga ciniki, a kuma nuna Alhaji ya san da shi. Tsatsa za ta iya ɗaukar ta farko. Ta biyun fa? Sawu huɗun da ya gani a Kusasu bayan ciniki aka yi su.

Abarshi ya ce bai taɓa bin sawun abin da ke cikin zuciyar mutum ba.

"To ka fara," in ji Modibbo.

*

Rumfar Alhaji Tasi'u tana bakin titi, rufin kwano, daɓen siminti, filin gabanta a share tas kamar ana jiran gwamna. Abarshi ya lura da sharar. A garin da kowa ya koyi duba ƙasa da safe kafin ya fita gona, mai sayar da motoci da ba ya barin sawun taya ko ɗaya a filinsa mutum ne mai tsafta ƙwarai.

Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo kunun aya mai sanyi, ya nuna masa wata ƙatuwar tabarmar roba da ta rufe rabin daɓen. Mutum ne mai taushin murya. Yana magana yana murza cindon hannunsa na hagu, ɗan yatsa na shida da yake yawan cewa shi ne sirrin arzikinsa.

Ya ce wallahi abin ya taɓa shi. Motar daga hannun wani mutumin Funtuwa ya saye ta, ana saura 'yan kwanaki ya sayar, ko ƙarƙashinta bai taɓa leƙawa ba, shi ba bakanike ba ne. In ba Bafulatanin ba ne, to yaron ne. Yaran yanzu sai su ɗora wa a-kori-kura kayan tirela. In kuma akwai tsohuwar walda, to a nemi Gabriel mai walda na nan kusa, wa ya san abin da suka ƙulla da yaron? Ciniki dai ya ƙare, ga takarda. Shanu ma ya riga ya karɓi kafin alƙalami a kansu.

A zama ɗaya ya ba Abarshi ɓarayi uku, kyauta.

Abarshi yana saurare yana gyara zama. Tabarmar ba ta karɓe shi ba. Ya matsa hagu, wani abu ya tokare shi, ya matsa dama, haka. Shekara talatin yana karanta ƙasa da ido, bai taɓa zaton ranar da mazaunansa za su riga idon ba. Tudu, kwari, tudu, kwari, a jere, a miƙe. Ya saci kallon bakin daɓen, inda tabarmar ta ɗan gaza. Bakin kwari huɗu ne suka leƙo.

Ya shanye kunun, don ba a fushi da kunu. Da zai tashi ya dafa ƙasa kamar yadda gwiwa ta koya masa, sai tafin hannunsa ya faɗa wani ɗan loko a ƙarƙashin tabarmar, ya zauna daram kamar an auna. Ya ɗan daɗe a haka yana nishi, yana lalube da yatsu. Alhaji har ya tausaya masa ya ba shi sunan wani man zafi.

Shagon Gabriel yana jikin katangar rumfar. Da ya ji an ambaci sunansa a maganar, ya ajiye abin waldarsa ya ce shi da ya yi ɗinki irin wannan gara ya koma tallan rake. Shi ba ya ɗinke ƙashin bayan mota, wannan kisan kai ne, an taɓa kawo masa irin aikin ya ƙi. Wa ya kawo? Ya kalli katanga, ya ce filin shagon nan aro ne, yana da 'ya'ya a makaranta. Abarshi bai matsa ba. Ya tambaye shi kawai yaushe aka yi daɓen rumfar Alhaji, don yana son irinsa a gidansa in Allah ya hore masa gidan. Gabriel ya ce ana jibi ƙaramar Sallah, kowa ya sani, ai da azumi a baki birkila ya yi shi.

Ƙaramar Sallah ta wuce da wata biyu. Alhaji ya ce motar 'yan kwanaki ta yi a hannunsa.

Micah kuwa, da Abarshi ya leƙa shi a asibiti, buhunan da ya lissafa ko jaki biyu sa ɗauka. Ya ce tun ranar farko sitiyarin yana ja gefe, ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya ce iskar taya ce. Ranar gwaji ma a kan kwalta kaɗai aka yarda ya tuƙa.

*

Aka sa zama ranar Laraba bayan la'asar. Alhaji ya so a yi a gidan Maliki, shugaban dillalai. Abarshi ya ce gwiwarsa ba za ta kai can ba, a yi a rumfa, ai akwai tabarma. Wannan ne karo na farko da ciwon ya yi masa rana.

Maliki ya zo, Modibbo ya zo, shugaban 'yan sa-kai ya zo yana kallon ƙasa. Aka kira Gabriel ya tsaya daga bakin rumfa. Yero ya ƙi zama, ya jingina da sandarsa a rana. Laraba ta iso a bayan babur, rungume da tayar baya ta hagu da Abarshi ya ce a kwanto. Can gefen titi tirelar Kudu ta riga ta iso, an fara zuba mata yashi a ciki.

Alhaji ya maimaita zancensa, ya ƙara masa gishiri. Ya ce shi don zumunci ma zai taimaka da wani abu a jinyar yaro, sadaka, ba don an bi shi ba. Laraba ta yunƙura, Modibbo ya ɗaga mata hannu.

Maliki ya tambayi Abarshi abin da ya gano. Abarshi ya ce Yero bai taɓa motar ba, Micah bai yi lodin da ya wuce ƙa'ida ba, Gabriel kuma ba ɗinkinsa ba ne. Sannan ya tambayi Alhaji, a gaban kowa, ko ya tabbata motar ba ta kai Sallah a hannunsa ba, kuma bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba.

Alhaji ya ce ko Alƙur'ani aka kawo zai dafa.

"A bar Alƙur'ani ya huta, Alhaji. A ɗaga mana tabarmar nan."

Alhaji ya yi dariya ya ce wane irin wasa ne wannan, manya na zaune. Bai rufe baki ba Laraba ta kama gefen tabarmar ta fizga, har Maliki ya yi tsalle da carbinsa a hannu.

Ga su nan a cikin siminti, sun bushe sun zama dutse. Layi huɗu, na baya sun kauce wa na gaba da taƙi guda. Abarshi ya karɓi tayar ya gangara ta a kan layin hagu, tsagar ƙafar kaza ta faɗa cikin gurbinta. Ya ce motar nan ta shiga rumfar nan siminti bai bushe ba, ana jibi Sallah, kuma tun ranar a karkace take tafiya.

Alhaji ya ce to, ya yi kuskuren lissafin kwanaki, mutum ne shi. Amma wannan bai nuna ya san da wata karaya ba.

Abarshi ya taka zuwa tsakiyar layukan, daidai inda bodi ke haɗuwa da kai in mota na tsaye. Ya nuna gurbin ƙafa biyu, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ba. Ya ce nan wani ya tsuguna. Ya nuna gaba kaɗan. Tafin hannun hagu ne, ya shiga sosai, na mutumin da ya jingina nauyinsa ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashi. Ba wajen inji ba, ba wajen taya ba, daidai inda ta karye. Kewaye da shi ga ɗigon baƙin ƙuna irin na tartsatsin walda, ga ɗigon kwalta.

Ya ce, "Shugaba, ni karatuna bai yi nisa ba. Ƙirga mini yatsun nan."

Maliki ya sunkuya. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya ɗago ya kalli hannun hagun Alhaji, wanda tuni ya shige aljihu.



Gabriel ne ya fara magana daga bakin rumfa. Ya ce tun da daɓe ya yi magana, shi ma bari ya yi, a kore shi daga filin in an ga dama. Motar daga ramin masu haƙar zinariya aka kawo ta, duwatsu sun karya mata baya, Alhaji ya saye ta a kuɗin gwangwan. Don kada sauran dillalai su gan ta a haka ya sa aka turo ta rumfa, birkila na ihu siminti ɗanye ne. A ranar Alhaji ya kira shi ya ɗinke, shi kuwa ya ƙi. Bayan Sallah aka kawo wani daga wani gari, aka rataya tamfol.

Laraba ba ta yi ihu ba. Ta zo ta tsaya a gaban Alhaji har ya ja da baya.

"Ka san ƙashin bayanta a karye yake, ka miƙa wa ɗana makulli, ka ce Allah ya sa albarka. Ka ci shanun marayu, ka sa an daki bawan Allah a banza, yau kuma kana mini sadaka. Riƙe sadakarka, Alhaji, za ka buƙace ta."

Alhaji ya koma lallashi. Ya ce a rufa asiri, zai ba ta wata motar, mai lafiya. Ko a ba shi lokaci ya biya kuɗin shanun kaɗan-kaɗan, tun da ya karɓi na mutanen Kudu. Modibbo ya ce zaɓi ba na mai ɓoye aibi ba ne, na wanda aka ɓoye wa ne. Ya tambayi Laraba me take so.

Ta ce shanunta, yau, kafin rana ta faɗi. Da cikon da ta ba shi, da jinyar Micah har ya taka. Gawar motarsa kuma tana rafi, ya je ya kwashe.

Maliki, wanda ransa ya ɓaci ba don Allah kaɗai ba, har da sunan sana'a, ya ce haka za a yi, in ba haka ba Alhaji ya nemi wata kasuwar. Modibbo ya rubuta, aka sa hannu. Da Alhaji ya nemi a ƙara cewa magana ta mutu, ba kotu ba 'yan sanda, Laraba ta ce wannan layin ba za a rubuta shi ba, sai ranar da ta ga yadda ɗanta ke tafiya. Ta fito da waya ta ɗauki hoton daɓen ta kowace kusurwa, ta ce ko da wani zai yi mafarkin gyaran siminti. Shugaban 'yan sa-kai ya matso wurin Yero yana haɗa kalmomin ban haƙuri. Yero ya kalle shi da ido ɗayan da ya rage a buɗe har mutumin ya rasa inda zai sa hannuwansa.

*

Aka buɗe garke. Goje da Fari sun rame, haƙarƙari a waje, jan fenti a ƙaho. Sun firgita da duka da ƙishirwa, suka ƙi fitowa. Laraba ta kira su, suka ƙi. Masu lodi suka ɗaga sanduna, ta ce duk wanda ya taɓa su sai ta karya masa hannu.

Sannan ta juya ta nufi inda Yero yake, ta rusuna, abin da Abarshi bai taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

"Yero, ni na nuna sawunka. Na zalunce ka."

Yero bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "Su dai ba su yi mini komai ba." Ya wuce ta ya tsaya a bakin garke, ya yi wata 'yar fito ya kira su da Fulatanci. Goje ya ɗaga kai. Suka fito a hankali, suka sa hanci a kafaɗarsa.

Ladan Abarshi, in ji Laraba, shi ne za a yi masa huɗar gonarsa kyauta bana. Ya yi godiya, bai tuna mata cewa gonar tasa tana cikin dajin da shekara uku ke nan bai taka ba. Aikin da ya fi kowane fito da shi a 'yan shekarun nan, da mazaunai ya yi shi, kuma an biya shi da abin da ba zai iya karɓa ba. Ya ga lissafin ya yi daidai da rayuwarsa.

Suka kama hanyar Kusasu da sauran rana, don ba mai son magariba ta same shi a wannan hanya. Yero a gaba, shanu a bayansa, Laraba na biye. Abarshi ya rako su har inda kwalta ta ƙare, ya tsaya yana haki. Sabo ya sa ya sunkuyar da kai ya dubi jar ƙasar. Duk da yunwar da suka sha, kofaton baya yana sauka daidai cikin gurbin na gaba, taku bayan taku, har inda idonsa ya gaza.